Fitilar Motar Sallau da Furar Inna Gaje

Ku matso kusa, ku gyara zama. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshensa ku ne alƙalai.

A garin Kwanar Marke akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Gaje. Fura take damawa a bakin tasha, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, tun direbobin da suka yi furfura yanzu suna karen mota. Mace ce mai tsabta, furarta kuwa ba ta kwantai, sai dai tana da baki. Idan aka taɓa ta ba ta barin magana ta kwana. Ana tsakiyar damina ta yi cacar baki da maƙwabcin gonarta, Malam Mato, a kan ya ci mata iyaka. A gaban jama'a ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ka ci, Mato. Za ka gani." Abin da take nufi shi ne za ta kai shi gaban dagaci.

Washegari ranar kasuwar Dogon Kawo ce. Akwai wani direba, Sallau, mai wata tsohuwar mota da ta girmi 'ya'yansa duka, wadda kowa ya san halinta: idan ta mutu sai an tura. Ya ɗauki Malam Mato a gaba, da wata mai daddawa, Asabe, a baya. Kafin ya tashi ya miƙa wa Inna Gaje kwano mai murfi, ta dama masa fura, ya shige da ita mota. Ba su yi nisa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Da hantsi, ruwa ya tsagaita, Inna Gaje tana wanke ludayi, sai ta ji salati daga bakin hanya, ta ga mutane suna gudu wajen ƙaramin asibitin garin. Ta tare wani ta tambaye shi.

Ya ce, "Motar Sallau ce. An same su a mashigin rafi, su ukun duka, babu mai motsi."

"Hatsari suka yi?"

"Ko ƙwarzane babu a jikin motar, Inna."

Ta saki ludayin ta zauna tana innalillahi. Ba a jima ba labari ya zo cewa Malam Mato ya cika, Asabe tana ta amai, Sallau kuwa ko ido bai buɗe ba. Aka shiga tambayar me suka ci, me suka sha. Sai ga kwano an fito da shi daga motar, da ragowar fura a ciki. Daga can baya wata murya ta ce, "Jiya ba ta ce masa zai gani ba?"

Inna Gaje ta ɗaga kai ta ga fuskoki suna juyowa wajenta ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da take zuba wa ƙarin nono kowace safiya ne, amma kallon da suke mata ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, ita da ba a taɓa rufe mata baki ba, sai wani ya hamɓare ƙwaryar nono. Da dagaci bai iso ba a lokacin, da labarin a nan ya ƙare. Ya karɓi kwanon furar ya riƙe, ya sa aka shigar da ita ofishin ƙungiyar direbobi aka kulle, ya ajiye kujera a bakin ƙofa ya zauna. An buga wa 'yan sanda waya, suka ce ruwa ya cinye kwalbatin hanyarsu, sai an samu ta zagaye. Jama'a suka tafi jana'iza, amma sun bar magana cewa suna dawowa.

Ta tagar ofishin nan Inna Gaje ta ga abin da mutum uku suka yi.

Na farko Jafaru ne, direba, wanda shi ya fara iske motar. Abin da ya faru, Sallau ya tarar rafi ya kawo, ya tsaya jiran ruwa ya janye. Gilasai a rufe saboda ruwan sama, inji kuma a kunne, don in ya kashe babu mai tura masa. Da Jafaru ya iso ruwa ya riga ya janye, ya yi ta danna oda, motar ba ta motsa ba. Ya sauko ya buɗe ƙofa, Sallau ya zubo masa a hannu. Shi ya jawo su waje ɗaya-ɗaya, ya zuba su a motarsa. Da ya koma zai kashe inji, sai ya ga wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ci a gaban direba. Kuma ya lura da wani abu: shi ma ya sha furar Inna Gaje da safe bai ji komai ba, amma da ya sunkuya cikin motar nan kansa ya sara, ƙasa ta fara juya masa.

Jafaru bai san ma'anar fitilar ba. Abu ɗaya ya sani, wanda wani makanike ya taɓa yi masa faɗa a kai. Irin waɗannan tsofaffin motoci suna da ƙwaƙwalwa. Idan wani abu ya lalace sai ta kunna wannan fitila, ta riƙe lambar matsalar, amma da zarar an cire kan batir ta manta komai. Don haka da ƙanen Sallau ya zo da sifana zai cire batir kada a sace, Jafaru ya riƙe masa hannu ya hana. Ya ɗaura wa motar igiya ya jawo ta har tasha. Da samari suka taso da sanduna za su farfasa ta, suna cewa mota ce da aka ci mutum a cikinta, sai ya hau kan bonet ya zauna, ya ce sai dai su fara da shi. Ya faɗa musu batun furar da ya sha lafiya da ciwon kan da motar ta sa masa, suka ce ai a kwanon Sallau kaɗai ta zuba abin. Wani ya jefe shi da dutse, ya fasa masa goshi. Inna Gaje ta ga jini ya rufe masa ido ɗaya, ta ga ya cire hularsa ya danne wurin, bai sauka ba. A kan bonet ɗin ya aika a kira masa mai gyaran wutar mota, wanda ake ce wa rewaya.

Rewaya ɗaya ne a garin, shi ne mutum na biyu. Sunansa Hakilu, kuma ɗan Malam Mato ne na cikinsa.

Saƙon ya same shi a maƙabarta, ana gama rufe mahaifinsa. Da Inna Gaje ta hango shi tafe a gaban taron masu dawowa, da jar ƙasa har gwiwar wandonsa, sai ta ce a ranta shi ke nan, ɗan mamaci aka kira ya yi mata shaida. Wansa Tukur yana gefensa da gora a hannu.

Tukur ya ce, "Me za ka duba a mota? Mota ce ta dama fura?"

Hakilu ya ce, "Yaya, bari in duba. In babu komai, ni zan fara faɗa."

Ya biya shagonsa ya ɗauko na'urar da ake jona wa motocin yanzu ta rubuto matsalarsu. Ya duba nan, ya duba can, bakin na'urar daban, na motar daban. Motar ta tsufa da wannan. Aka fara gunaguni. Sai Hakilu ya tuno yadda marigayi maigidansa yake yi tun kafin na'urori su zo. Ya yanko guntuwar waya ya feƙe bakinta biyu da haƙori, ya ɗaga bonet, ya buɗe wani ɗan baƙin akwati a gefen inji, ya lanƙwasa wayar ya cusa ta a ramuka biyu. Sannan ya miƙa hannu ya murɗa makulli, bai tayar da inji ba.

Fitilar nan ta fara ƙiftawa.

Waɗanda ke kusa suka ja da baya. Wata mata ta ce, "La'ilaha illallahu, magana take yi!" Tasha ta yi tsit, har Inna Gaje tana jin muryar Hakilu daga inda take, yana ƙirgawa a fili. Fitilar ta ƙifta biyu, ta tsaya, ta ƙifta ɗaya. Ya ce, "Ashirin da ɗaya." Ta yi dogon shiru, ta ƙifta biyu, ta tsaya, ta ƙifta biyar. Ya ce, "Ashirin da biyar." Ya bari ta maimaita don kada ya yi kuskure, lambobin ba su sauya ba.

Dagaci ya ce, "Me ke nan, Hakilu?"

"Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan ƙarfe a bututun salansar mota da yake shinshina hayaƙi ya kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Lamba ta farko tasa ce. Ta biyu tana cewa iska ta yi yawa a hayaƙin, don haka ƙwaƙwalwa tana ta ƙara wa inji fetur. Iska kuwa ba ta shiga bututu sai in ya fashe."

Ya kwanta a cikin taɓo da kayan jikinsa ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗaga kafet. Tsatsa ta cinye ƙasan motar, ga rami kamar tafin hannu, gefensa baƙi ƙirin da hayaƙi. Daidai ƙarƙashinsa bututun ya tsage. Hakilu ya durƙusa yana kallon ramin ya ce, "Nan ne Baba ya ajiye ƙafarsa. Hayaƙi ta nan yake shigowa."

Dagaci ya ce, "Shi ya kashe shi?"

Hakilu mutum ne da ba ya faɗin abin da bai sani ba. Ya ce, "Wannan kam ban sani ba, ranka ya daɗe. Abin da mota ta faɗa na faɗa. Mu kullum a cikin hayaƙi muke aiki, ban taɓa ganin ya kashe wani ba."

Tukur ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Ya ce, "Ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe a ƙafarka ba, ka zo kana wanke wadda ta kashe shi da ƙiftawar fitila!" Taro ya yi kukan kura wajen ofis. Dutse ya fasa gilashin taga, ɓaraguzai suka zubo a kan zanen Inna Gaje. Dagaci ya miƙe yana ɗaga hannu, babu mai jin sa.

A nan mutum na uku ya shigo. Lurwanu ne, malamin asibiti, wanda tun safe yake kan Sallau da Asabe. Ya yi musu duk abin da ake yi wa wanda ya sha guba, babu sauyi, kuma abin ya ɗaure masa kai, don babu kumfa a bakinsu, babu warin maganin ƙwari, babu ko ɗaya daga alamun da ya saba gani. Ya zo tasha ne ya karɓi ragowar furar a kai ta gwaji birni, sai ya tarar Hakilu yana bayani. Da ya ji an ce rufaffiyar mota, inji a kunne, hayaƙi yana shiga, sai ya tuna wasu 'yan gida ɗaya da aka taɓa kawowa babban asibiti lokacin yana koyon aiki, waɗanda suka shigar da janareta ɗaki suka rufe ƙofa. Nan take ya buga wa abokiyar aikinsa waya, ya ce ta ɗauko tukunyar iskar oksijin da ke ɗakin haihuwa ta sa wa Sallau, ta buɗe tagogi duka. Sannan ya kutsa ya tsaya kusa da dagaci.

Ya ɗaga murya ya ce a cikin hayaƙin inji akwai wata iska da ba a gani, ba ta da wari, tana sa mutum barci har ya zarce. A fili ba ta komai, shi ya sa makanikai suke lafiya, amma a rufaffen wuri kisa take. Aka yi masa ihu, aka ce turancin asibiti ne. Ya ga magana ba za ta yi ba. Ya karɓi kwanon daga hannun dagaci, ya ce a kawo masa zakara daga kejin mai kaji.

Ya ce, "Zakaran nan bai sha fura ba, zai shiga mota. Ni ban shiga mota ba, zan sha fura. Ku tsaya ku ga wanda zai faɗi. In ni ne, ga ta nan a ciki, ba inda za ta."

Ku sani, Lurwanu bai gwada furar nan ba. Zato ne mai ƙarfi kawai yake da shi, da lambobi biyu da ya ji daga bakin Hakilu. Ita kanta Inna Gaje, zaman da ta yi a kulle ya sa ta fara shakkar hannunta. Ta yi ta tunanin ko wani abu ya faɗa cikin nono, ko ƙwaryar ta kwana kusa da maganin feshin gona. Da ta ga ya kai kwano baki sai ta kama ƙarfen taga ta ƙwala ihu, "Kada ka sha, ɗan nan! Don Allah kada ka sha!" Jama'a suka ce, kun ji ko, ta tona kanta. Lurwanu ya kafa kai ya shanye, ya kife kwanon a ƙasa, ya zauna a benci.

Aka ajiye zakara a cikin motar, wajen kujerar gaba, aka tura ta tashi, aka ɗaga gilasai, aka rufe ƙofofi. Mutane suka kewaye, ido ɗaya a kan mota, ɗaya a kan Lurwanu. Zakara ya yi ta caccakar kafet, ya yi tsalle ya hau kujera, har ya yi cara. Wasu suka fara dariyar mugunta, Tukur ya gyara riƙon gorarsa. Aka yi ta jira, inji yana ta ƙugi. Can sai zakara ya tsaya cak, ya buɗe baki. Fukafukansa suka sauka. Ya yi taku kamar mai maye, ya jingina da ƙofa, ya zame, ya faɗi a gefe ƙafafu a miƙe.

Salatin da ya tashi a tashar nan an ji shi har bakin kasuwa. Waɗanda suka manna fuska da gilashi suka watse da gudu suna toshe hanci. Jafaru ya fizge ƙofa ya kashe inji, mai kaji ya zaro zakaransa ya yanka da sauri kada ya zama mushe. Aka juya ga Lurwanu. Yana zaune, ya ce a ba shi ruwa ya kurkure baki, furar ta yi tsami.

Gora ta faɗi daga hannun Tukur. Ya zauna a cikin taɓo ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. Da aka buɗe ofis, mata biyu suka riƙo Inna Gaje suka fito da ita. Ta bi ta tsakiyar taron tana kallon hannayen mutane. Wasu har lokacin duwatsu suna hannunsu, sun manta su yar.

Asabe ta warke. Sallau ya farfaɗo daga baya, kuma abin da ya faɗa ya ƙara kashe wa garin jiki. Ya ce fitilar nan tun farkon damina take ci, ya ƙyale ta don mota tana tafiya. Ya ce shi da Asabe ne suka sha furar. Da ya miƙa wa Malam Mato, kawar da kai ya yi, ya ce shi ba ya shan furar matar nan. Ko ɗanɗana ta bai yi ba.

Inna Gaje ta daɗe ba ta fita tasha ba. Ana nan sai matar ɗanta ta haifi namiji. Ɗan ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, sunan yaron nan naki ne, ki zaɓa." Ba ta yi dogon tunani ba ta ce za a sa masa sunan wanda ya ceci ranta. Ya ce, "Wanne daga ciki?" A nan gardama ta tashi.

Direbobi suka ce Jafaru ne. Shi ya ga fitilar, shi ya hana a cire batir, shi ya zubar da jininsa a kan bonet lokacin da babu wanda ya yarda da shi, alhali bai ma san abin da yake karewa ba. Da an cire batir ko an farfasa motar, me Hakilu zai karanta?

Dattawa suka ce Hakilu ne. Mota a ajiye da fitila a kunne ba ta wanke kowa, sai an samu mai sa ta magana. Kuma shi ne wanda ya fi kowa dalilin ya ƙi. Ubansa aka binne, matar da ake zargi ta yi wa uban barazana a gaban mutane, da ya ce bai ga komai ba babu mai ƙaryata shi. Ya faɗi gaskiya, ya sha mari, kuma har yau akwai danginsa da ba sa amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Mata suka ce Lurwanu ne. Bayan Jafaru ya tsare, Hakilu ya karanta, ai duwatsu ba su daina sauka ba. Shi ya san abin da lambobin suke nufi ga jikin mutum, shi ya ceto Sallau, shi ya kafa kai ya sha abin da mai damawar da kanta take roƙonsa kada ya sha. Masu ja da su suka ce, to da bai ji karatun Hakilu ba, ai da yana can yana neman guba a kwano.

Su ukun kuwa, da aka tambaye su, kowa ya ce a sa sunan ɗan'uwansa.

Yanzu rago yana ɗaure, an raba goro, liman yana jiran a raɗa masa suna a kunne, Inna Gaje kuma ta kasa zaɓa. Yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ci. To, ku da kuka ji yadda aka yi, ku faɗa mini: Jafaru, ko Hakilu, ko Lurwanu, wane ne a cikinsu ya cancanci a yi masa takwara?